Ɗana, Man Giya da Awo Ake Zuba Shi

Ɗana, yawancin giyoyin otomatik da ake saukewa a garejojinmu ba tsufa ne ya kai su ƙasa ba, hannun mutum ne. Wani ya zuba wa giya man da ba nata ba. Wani ya zuba nata, amma ya zarce ƙima don yana ganin alheri yake yi mata. Wani kuwa ya sallami mota da ƙarancin mai alhali da idonsa ya ga geji ya nuna ta cika, domin ba a taɓa gaya masa cewa geji yana da lokacin da yake faɗin gaskiya ba. Duk cikinsu babu mai mugun nufi, kuma mafi yawansu yara ne masu ƙwazo irinka. Shi ya sa na ga gara in yi maka bayanin nan a tsanake, ko kana koyon kanikanci ne, ko kuwa ka tara 'yan kuɗinka ka sayi 'yar Kwatano ta farko kana lallaɓa ta.

Na san inda kuskuren yake farawa. Aikin farko da ake sakar wa yaro a gareji shi ne juyen baƙin mai. A kashe inji, a kwance noti, a bari ya tsiyaye, a canza filta, a juye galan, a zaro geji a duba. Kafin a ankara hannunsa ya faɗa, yana yi yana hira. Ranar da oga ya ce ya yi juyen giya sai ya ɗauko wancan karatun ya ɗora mata. To, inji yana da haƙuri. In ka ɗan ƙara ko ka ɗan rage ba lalle ne ya nuna maka ba, domin babban aikin baƙin mai shi ne santsi da rage zafi. Man giyar otomatik kuwa shi ke tafiyar da motar da kansa. Tsakanin inji da giya babu kuloci irin na manuwal. Akwai wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe cike da mai, wadda kanikawa ke kira konbata, a cikinta ƙafafu masu fukafukai suna fuskantar juna. Inji ya juya ɗaya, ta watsa mai da ƙarfi a kan ɗayar, ita ma ta juya, ƙarfin ya zarce zuwa tayoyi. Ga kuma famfo da ke tura man ta siraran hanyoyi ya je ya matse faiba, wato faifayen da ke kamawa a cikin giya, kuma matsewar nan ita ce shigar giya ta ɗaya, ta biyu, ko ribas. Man nan dai shi ke kwashe zafi ya kai lagireto, shi ke kuma sa wa haƙoran ƙarfe santsi. Abin da ke ɗauke da wannan nauyi duka ba a yi masa kintace.

Kafin maganar yawa sai a fara da iri. Za ka ji manya suna cewa jan mai duk ɗaya ne. Kada ka yi musu da su a gaban mutane, kuma kada ka ɗauka ƙarya suka yi, domin a zamaninsu kusan haka abin yake. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da Dexron a 1967, aka yi ta gyara shi har aka kai Dexron III a 1993, kuma tsawon waɗannan shekaru motocin kamfanoni da dama, har da tsofaffin Toyota, shi suke sha su zauna lafiya. Wanda ya yi shekara talatin yana zuba mai ɗaya bai ga ɓarna ba, da wuya ka sauya masa ra'ayi da baki. Sai dai motocin sun canza a ƙarƙashinsa. Toyota ta yi nata mai suna T-IV, wanda Corolla ta 2003 zuwa 2008 ke sha, daga baya ta koma WS, wanda ya fi shi ruwa-ruwa, kuma ita da kanta ta ce ba a musanya su. Honda dama tun asali ginin giyarta daban yake da na sauran, ta yi Z1, sannan DW-1 ya gaje shi. Littafin tsofaffin Accord ya yarda a zuba Dexron III in an rasa nata a hanya, amma na wucin gadi, a juye shi da zarar an samu dama. Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV. Ford tana da dangin Mercon, su ma ba duka ke maye gurbin juna ba. Bambancin ba na suna kawai ba ne. An auna kaurin kowanne da yadda yake barin faiba ta kama, a hankali ko da sauri, aka kuma tsara kwamfutar motar bisa wannan. In ka ba ta wani, sai ka ji tana fizga wajen canji, ko tana karkarwa in ta miƙe hanya.

Wadda ba ta yafiya ko kaɗan ita ce CVT. Ita ba ta da hawa-hawa irin na ɗaya, biyu, uku. Bel ɗin ƙarfe ne ke gudu tsakanin fule biyu da ke buɗewa suna tsukewa. Nissan Murano tun 2003 da ita ta zo, Altima daga 2007, Accord mai silinda huɗu daga 2013, yawancin Corolla ta Amurka daga 2014. Manta an yi shi ne don ƙarfe ya riƙe ƙarfe: NS-2 da NS-3 a Nissan, HCF-2 a Honda. Ka zuba mata jan mai na gama-gari, bel ya riƙa zamewa yana kartar fule, kuma wannan karta ba ta gogewa. Waɗannan motoci yanzu sun cika titunan Kano da Kaduna da Abuja, daga waje kuma ba ka bambanta su da na da.

Kada launi ya rinjaye ka. Ja ɗin nan rini ne aka sa don a bambanta man da baƙin mai in ya ɗiga a ƙasa, kuma kowa yana iya rina kowane mai ya yi ja. Kama da wane ba ta wane. Wasu ingantattun ma ba ja ba ne. Akwai kore, akwai shuɗi. Ka duba jikin geji, sau da yawa an buga sunan man a kai. In babu, ka duba littafin motar. In an zo da ita ba littafi, kamar yadda aka saba, wayar da ke aljihunka tana da shi, ka nemo da sunan motar da shekararta da girman injinta. Sannan ka sayi man a wurin wanda ka san shagonsa kuma za ka iya komawa gobe, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Panteka, ka duba hatimin murfi da kyau. Jabu ya yi yawa a kasuwa, har hukumar SON takan kama shi lokaci-lokaci. In ka ji farashin ya faɗo ƙasa da rabin na kowa, ka tuna araha ba ta ado.

Yanzu ga babbar maganar. In aka tambaye ka lita nawa giyar mota kaza ke ci, amsar gaskiya ita ce akwai lamba biyu, kuma yara da yawa sun kashe giya saboda sun riƙe ɗaya. Ƙaramar mota irin Corolla ko Accord, in giyarta a bushe take kamar an sake haɗa ta, takan ci wajen lita shida zuwa bakwai. Amma in ka kwance notin ƙasa, abin da zai fito bai fi lita biyu da rabi zuwa uku ba. Sauran yana can cikin konbata da bututan sanyaya da lungunan giyar, ba ya saukowa. Yaro ya ji an ce bakwai, ya ga ta daina ɗiga, ya ɗauka ta ƙare, ya juye mata galan da rabi. Saboda haka ka tara abin da ya fita a mazubi mai alamar lita, ka auna, ka mayar da daidai wannan ko ƙasa da shi kaɗan. Amma ka san wannan mafari ne kawai. Wanda ya taɓa ta kafin kai mai yiwuwa ya yi kuskure, in ka kwafe shi ka gaji kuskurensa. Geji ne zai yanke hukunci.

Geji kuwa yana da sharuɗɗa. Na farko, motar ta tsaya a daidaitaccen wuri, ƙafafu huɗu a ƙasa ko a kan rami. Mun saba ɗaga gaba da jak, ko a hau da taya ɗaya kan dutse don yaro ya samu shiga ƙasa. Babu laifi wajen kwance noti, amma in ka auna tana a karkace, man ya gangara gefe ɗaya, geji zai ba ka labarin da ba shi ba. Na biyu shi ne zafi. Man giya yana kumbura in ya ɗumama, shi ya sa geji ke da alama biyu, ta sanyi da ta zafi. Ta sanyin don ka samu abin tayar da mota ne bayan juye. Ta zafin ita ce ta gaskiya, kuma a Toyota ana nufin man ya kai digiri 70 zuwa 80. Barin mota tana aiki a tsaye ba ya kai ta can da wuri, sai an ɗan zaga da ita kamar kwata ɗaya na awa. Haka nan in ta sauko daga doguwar tafiya, ko ta fito daga cunkoson rana tsaka, man ya wuce wannan zafi, sai a ba ta kamar rabin awa ta huce.

Na uku shi ne wanda ya fi kayar da yara. A Toyota da mafi yawan motoci, inji yana aiki ake aunawa. Ka ja birkin hannu, ka taka birki, ka bi da giya kowane gurbi, R, N, D har ƙasa, kana ɗan dakatawa a kowanne don man ya cika hanyarsa, ka dawo P, ka bar inji yana aiki, sannan ka zaro geji. Dalilin a fili yake. Inji na aiki, famfo ya ɗebi mai ya cika konbata da bututai, abin da ya rage a kasko shi ne abin da giya za ta rayu da shi a hanya. Ka kashe inji, wani sashe ya koma kasko, geji ya hau sama, ka ce ta cika alhali ba ta cika ba. To amma kada ka mai da wannan doka ta kowa. Honda mai geji akasin haka take: a ɗumama ta, a kashe inji, a auna tsakanin daƙiƙa 60 zuwa 90 bayan kashewa. Yaron da ya ƙware a Camry aka kawo masa Honda EOD, in bai tambaya ba zai yi kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa. Matambayi ba ya ɓata.

In ka zaro geji, ka goge, ka mayar har ya zauna, ka sake zarowa, ka duba fuska biyu, ka ɗauki wadda ta fi ƙasa. In yanzu ka zuba mai ta bututun gejin, ka jira 'yan mintoci, don wanda ya shafi bangon bututun zai ɓata maka awon. Tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama a motoci da yawa ba ta wuce rabin lita ba. Ka ga ke nan ba da galan ake ƙari ba. Rubu'in lita, a auna; wani rubu'in, a sake aunawa. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa kuwa sai an koma ƙarƙashin mota ko an nemo siririn tiyo an zuƙo.

Na san abin da ke ran mai ƙarawa. Yana cewa gara ya yi yawa da ya yi kaɗan, ko da za ta ɗiga a hanya akwai saura. Wannan tunani ne na mai tausayi, amma garin gyaran gira ake rasa ido. In mai ya wuce layinsa sai ya taɓo ƙarafan da ke juyawa a sama, su kuma su kaɗa shi kamar yadda maburgi ke kaɗa nono, ya koma kumfa. Kumfa iska ce, iska kuwa matsuwa take yi, ba ta tura komai. Famfo ya tura kumfa, faiba ta kama rabi-rabi, ta riƙa zamewa, zamewa ta haifi zafi, zafi ya ƙona man da faibar tare. Wani lokaci man yakan yi ambaliya ta hancin numfashin giya ya zubo kan salansa mai zafi, kuma wannan hanyar gobara ce. Abin mamaki, ƙarancin mai ma nan yake kaiwa: famfo ya zuƙi iska daga kasko, sakamakon ɗaya. Shi ya sa in mota ta zo tana jinkirin shiga D da safe, ko inji na ihu ita ba ta ja, kada ka yi saurin cewa mai ne ya yi kaɗan ka kama zubawa. Ka auna tukuna. In ka ga ƙananan ƙwayoyin kumfa a jikin geji, ka san iska ta shiga, saura ka gano ta wace ƙofa.

Sai kuma motocin da za ka buɗe bonet ka yi ta laluben geji ba ka gani ba. Camry ta 2007 mai silinda shida haka ta zo, mai silinda huɗu ta bi sahu daga 2010, kuma yawancin sababbin motoci yanzu haka suke. Masu su sukan ce ai ba a taɓa man, na har abada ne. Ana taɓawa, sai dai awon ya koma ƙarƙashi. Akwai notin zubawa a gefen giya, akwai wani a ƙasan kasko, a bayansa kuma akwai ɗan bututun roba da ke tsaye a cikin kaskon. Tsawon bututun nan shi ne gejin. Duk man da ya haura bakinsa zai zubo, wanda bai kai ba ya zauna. In za a yi juye sai a cire noti, a kwance bututun, man ya fita, a mayar da bututun a hankali don roba ce, a zuba sabo ta gefe. Daga nan a tayar da inji, a bi gurabun giya, a jira man ya kai zafin da aka ƙayyade, wanda a waɗannan Camry yake wajen digiri 40, ba ya wuce 45. Inji na aiki a buɗe notin ƙasa. In mai ya zubo, a bar shi har ya koma siririn zare, a rufe. In bai zubo ba, bai isa ba, a ƙara. Zafin nan ba da tafin hannu ake gane shi ba, da na'urar kwamfuta ake karanta shi daga motar.

A nan ne ƙasarmu ta shigo cikin lissafin. Wanda ya tsara wannan awo yana zaton mota za ta fara daga sanyi ta hau zuwa 40 a hankali. Mu kuwa a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, iskar gari kanta takan wuce digiri 40 da rana. Motar da ta shigo gareji da ƙafarta manta yana wajen 80, kuma a irin wannan yanayi sai ta yi awoyi ba ta sauko ba. In ka buɗe notin a haka, man da ya kumbura zai zubo fiye da ƙima, ka rufe kana murna ka daidaita, washegari da safe ta rasa mai. Maganin ba shi da tsada. Ka ce wa mai motar ya bar ta ta kwana, ka yi awon da sassafe bayan asuba, kafin rana ta ɗaga. Zai yi ƙorafi, zai ce wancan garejin minti ashirin suke yi. Ka yi masa bayani da ladabi. Sauri ya haifi nawa, kuma wanda ya fahimta shi ne zai dawo maka da 'yan'uwansa.

Mercedes masu giya biyar na shekarun 1990 zuwa 2000 da 'yan kai nasu salon daban: bututun geji yana nan amma an toshe shi da murfi, gejin kuwa kayan aikin gareji ne da ake saya daban, mai alamar digiri 25 da ta 80. Su ma da fari an ce man na har abada ne, daga baya kamfanin ya dawo ya sa lokacin canji. Kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera wa BMW giya, a da yakan ba da shawarar canji tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko shekara takwas, ga motar da ke shan wahala. Mu kuwa wace mota ce a nan ba ta shan wahala? Zafi, ƙura, cunkoso, lodi ranar biki. Ni a ganina, motar da ke yawo a garuruwanmu, in an yi mata juyen giya duk kilomita 50,000 zuwa 60,000 ba a yi asara ba.

Wata ƙa'ida ƙarama da za ta cece ka daga kunya: kafin ka kwance notin fitarwa, ka fara tabbatar da na zubawa yana kwancuwa. In ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ci, ko kansa ya lalace, ka zaunar da motar mutane. Kuma ka kalli kaskon da kake kwancewa da kyau. A motoci da dama na inji da na giya suna maƙwabtaka, kuma an sha ganin yaro ya zubar da man giya yana zaton baƙin mai ne, ya hau sama ya ƙara wa inji galan a kan wanda ke ciki. Inji ya yi ambaliya, giya ta bushe, a aiki ɗaya.

In aikin ya kai ga sauke kasko, ka tsaya ka karanta shi kafin ka wanke. Akwai maganaɗisu a ciki. Laushin toka-toka mai kama da kwalli a jikinsa ba abin damuwa ba ne, cin yau da gobe ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da kake ji a yatsa, ko baƙin gari mai yawa, wannan saƙo ne, ka kira mai motar ya gani da idonsa kafin ka ci gaba. Wajen sa sabuwar filta ka tabbata tsohuwar robar bakinta ta fito, sabuwar ta zauna daram, in ba haka ba famfo zai riƙa shan iska ta nan. Kada ka lafta gam. Rarar da ta matso ciki takan ɓalle ta toshe hanya. Ƙananan notocin kasko ba sa son ƙarfi, a bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Mazurarinka ya zama na man giya kaɗai, a ajiye shi a leda, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Tsumman da ka goge hannu da shi ka ajiye a ƙasa, kada ya kusanci geji. Fetur ko kananzir kuwa, in ka wanke kasko da shi ka bari ya bushe sarai, amma kada wani ya ruɗe ka ka zuba shi cikin giya da sunan wanki. Tun da juye ɗaya kashi ɗaya cikin uku ko ɗan fiye yake fitarwa, in man ya yi datti sosai sai a yi juye, a yi tafiya, a sake, har sau uku. Honda ma haka ta ce a yi wa nata, ba ta son a sa mata injin wanki.

Akwai maganar da za ka ji har ka gaji: wai canza man giya shi ke kashe ta, a bar kaza cikin gashinta. Masu faɗa sun ga wani abu, sai dai sun juya dalilin. Mutanenmu ba sa tuna man giya sai ranar da ta fara zamewa. A lokacin faiba ta riga ta cinye, garinta yana yawo a cikin tsohon man, kuma kaushin garin nan ne ke ɗan taimaka mata ta kama. Aka zuba sabo mai tsabta, ɗan abin da take dogaro da shi ya tafi, ta tsaya. Sai a ce bakanike ya kashe ta. Saboda haka in an kawo maka mota, ka ɗiga man a farar takarda, ka sansana. In ya yi duhu kawai, ba komai. WS ma yakan yi duhu da wuri alhali yana da sauran ƙarfi. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, motar kuma tana zamewa, ka gaya wa mai ita gaskiya tun kafin ka taɓa sifana: ranka ya daɗe, wannan juye ba zai warkar da ita ba, yana ma iya fito da ciwon fili. In ya ce a yi, da saninsa. Kuɗin juye ɗaya bai kai sunanka ba.

In kuwa ka ga man ya koma ruwan hoda mai kauri, fari-fari, ruwa ne ya shiga, kuma wannan ba ya jira. A yawancin motoci man giya yana ratsawa ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Mu da muke cika lagireto da ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya na kanti, tsatsa takan ci bututun nan har ya huje, ruwa da mai su gauraya. Faiba kuwa da wani abu mai dangin takarda aka yi fuskarta aka manna a ƙarfe, ruwa yana ɗaye ta. Haka in an kutsa da mota cikin ambaliyar damina, ruwa yakan shiga ta hancin numfashi. Sannan in za ka canza lagireto, ka tabbata ka sayo mai bakin bututan giya. Na sha ganin an sa na manuwal don ya fi sauƙin kuɗi, aka haɗe tiyo biyun giya da juna aka ɗaure. Motar za ta tashi lafiya, ta yi yawon cikin gari, ranar da ta kama hanyar Zariya da rana man ya rasa inda zai huce.

Ke kuma 'yata, da kike tuƙa taki zuwa aiki ko makaranta, ban manta da ke ba, kuma ba sai kin shiga ƙarƙashin mota ba. Ki san sunan man da motarki ke sha kamar yadda kika san lambarta. Ranar juye ki ce a nuna miki galan kafin a fasa hatiminsa, ki tambayi lita nawa ya fita, nawa aka mayar, kuma da zafi aka auna ko da sanyi. Bakaniken kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya harzuƙa ya riga ya ba ki amsa. Ki riƙa duban inda kike ajiye mota da safe, jan ɗigo a ƙasa ba ya gyara kansa. Ki bari ta tsaya cak kafin ki sauya daga R zuwa D. In ta mutu a hanya, kada ki yarda a ɗaura mata igiya a ja ta nesa tayoyin da giya ke juyawa suna ƙasa, domin inji a kashe famfo ba ya aiki, ƙarafan za su yi ta juyawa ba mai. A nemo motar ɗauka, ko da ta fi tsada.

Bayan an gama komai, ɗana, kada ka miƙa makulli daga bakin rami. Ka fita da motar ka ji ta shiga kowace giya, ka dawo ka sake aunawa in mai geji ce, ka leƙa ƙasa ka ga ko noti ko bakin kasko yana gumi. Tsohon man ka tara shi a jarka, akwai masu saye, kada ka tuttular a kwata ya bi ruwa. Sannan ka samu 'yar takarda ka manna a jikin ƙofar direba: kwanan wata, irin man, lita nawa ya fita, nawa ya shiga, da lambar da mita ta nuna. Motocin da suka fito daga Amurka mil suke ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka wanda ke jiran mita ta ƙara 60,000 ya kusa cin kilomita 100,000 bai sani ba. Ka rubuta mil ko kilomita kusa da lambar, domin wanda zai karanta takardar nan bayan shekara uku ba lalle ne kai ba.